Wa Zai Tsaya wa Iyatu?

Rediyo bai gama karanta sanarwar ba aka fara ɗaure kaya. A 1983 ne, gwamnatin farar hula ta ce kuɗin mai ya ja baya, don haka duk baƙon da ba shi da takardar zama ya kama hanyar ƙasarsu. Maƙwabtan ƙasashe suka yi ta roƙo, ba wanda ya saurare su.

Maje na cikin ayarin masu kaki da aka ba aikin tattara baƙi daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni. Da ƙyar ya samu aikin nan, sai da ya rantse shi Bakano ne gaba da baya. A gabansa aka tuɓe wa wani abokin aikinsu kaki da aka gano iyayensa 'yan ƙetare ne.

Ranar da shugabansu Obiechina ya ce an kai rahoton wata tsohuwa 'yar wajen Maraɗi a bayan kasuwar Tarauni, sai ga Maje sarkin sauri yana jan ƙafa. Duk da haka shi ya shige gaba, lungu-lungu, bai tambayi kowa hanya ba.

Suka same ta tana tsince wake. Iyatu ake ce mata. Fari ne ya koro ta, wani bawan Allah ya kama mata ɗaki. Ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ban da Maje, ko inda yake ba ta duba ba.

Obiechina tashin Kano ne, kuma ba mugu ba ne. Ya durƙusa ya ce, "Inna, in kina da ɗa ko ɗan'uwa a garin nan, faɗi sunansa kawai. Ya zo ya tsaya miki, mu ƙyale ki."

Maje ya kau da kai. Tsohuwa ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana juya wake a faifai. Can ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Mu tafi."

Maje ne ya ɗaure kayan. Ya zaro butarta a bayan ƙofa, ya jawo sandarta daga ƙarƙashin gado. A tashar Unguwa Uku ya yi ta rigima da direba sai da ya samo mata kujerar gaba, wai gwiwarta ba ta jure matsi.

Obiechina ya dafa kafaɗarsa. "Kai dai mutumin kirki ne, Maje." Da mari ya yi masa da ya fi masa sauƙi.

Mota ta tashi, Iyatu ba ta waiwayo ba. Maje ya tsaya cikin hayaƙi, kakinsa na nan a jikinsa, yana jin ƙyamar kansa. Abin da ke cin zuciyarsa shi ne tun da suka fito ya san ba za ta faɗi sunan ba, kuma da hakan ya dogara. Mace ba ta kama sunan ɗan farinta, Iyatu kuwa ba ta taɓa karya wannan kunyar ba tun ranar da ta haife shi.