Kakan da Nazir Ya Ƙirƙira

Nazir ya gama jami'a a Damagaram, ya daɗe yana zaman jiran aiki. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, sai dai yana da hali guda: ko za a yanka shi, bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba".

Da wani kamfanin sayen amfanin lambu ya kira shi ganawar neman aiki, murna kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ya shiga buro, wato ofis, yana baza ƙamshi, ya zauna gaban mai kamfanin, Hajiya Lubabatu. Tambayoyin farko duk ya amsa su tiryan-tiryan, har tana gyaɗa kai.

Sai ta ce, "To ɗana, a ce mun sayi dabino, ruwan sama ya sauko alhali dabinon bai gama bushewa ba. Yaya za ka yi kada mu yi asara?"

Nazir dai a bakinsa kawai ya san dabino. Amma ya gyara zama ya ce, "Hajiya, wannan ai mai sauƙi ne. A ɗure shi cikin leda, a ɗaure tamau. Haka muke yi a lambun kakana a Gidimuni."

"Kai! Ashe ɗan garinmu ne. Wa ke nan kakan naka?"

Nazir ya sosa ƙeya. Ya laluba ya ce, "Malam... Alkasum."

"Na wace unguwa?"

Nan fa ƙaryar Nazir ta ƙare.

Hajiya ta yi dariya har da share ƙwalla. Ta ce, "Ɗanyen dabino a leda ruɓewa yake yi. Ban sa ran ka sani ba, so nake in ga abin da za ka yi in ka gamu da abin da ba ka sani ba. Maryama da ta fita kafin ka shigo cewa ta yi ba ta sani ba, amma za ta je lambu ta tambayi masu shi. Niyyata in ɗauke ku ku biyu. Yanzu kuwa ita kaɗai zan ɗauka, don wanda ya ƙirƙiro kaka a gabana, zai ƙirƙiro mini komai a bayana."

Nazir ya fito, ya koma zaman jira. A fada kuwa, wurin shan shayi, har yau abokansa "jikan Malam Alkasum" suke kiransa.

Jama'a, rashin sani ba abin kunya ba ne. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka faɗi gaskiya, sannan ka nuna yadda za ka nemo amsar.