Ajiyar Mai Hoto

Ke Sa'adiyya, ɗauke wannan ɗan memori naki na waya daga tabarmata. Na ce ba ni karɓar ajiya, kin tsaya kina tambayata dalili, kamar ni sa'arki ce. Yaran yanzu ba ku san inda tambaya ke ƙarewa ba. To zauna, ke da ƙanenki, tunda kunnenku na ƙaiƙayi.

A Kaoje an yi wani mutum mai shago a bakin kasuwa. Mai Hoto ake ce masa, ni ma haka zan ce. Yana da kwamfuta babba, irin mai kai kamar talabijin. Aikinsa ɗaukar hoto da buga takarda.

Shekarar da ruwa ya fara cin gari, takardun gonakin mutane suka jiƙe suka zama kunu. Masu ƙarfi suka matsar da iyaka, marasa takarda suka rasa fadamarsu. Tun daga nan duk mai takardar gona sai ya kai wa Mai Hoto ya ɗauke ta ya zuba a injin. Gonaki sun fi ɗari a cikinsa.

Mutumin yana da hankali. Ya ce manomi ba ya tara irinsa a rumbu ɗaya. Ya sayo wani ɗan baƙin akwati, bai fi sabulu ba, ya kwafe komai a ciki. Ya kai wa wata tsohuwa da ke zaune kan tudu, hanyar Matsinkai, inda ruwa bai taɓa hawa ba. Har makullin shago na biyu ya bar mata. Duk ranar kasuwa ya karɓa da safe, ya zuba sabon aiki, ya mayar kafin la'asar.

"Kada ya jiƙe, kada ya faɗi," abin da ya ce mata ke nan. Bai ƙara ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Mace ce da ba ta son a ga ba ta gane abu ba.

Tsohuwar nan an san ta da riƙon amana. Shekara arba'in mata na kawo mata murjani da zannuwan aure, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. Tana da ƙa'ida ɗaya da ta gada wurin uwarta: ba ta tafiya da ajiyar wani a wuyanta. Mutuwa ba ta sallama, kuma ba a zuwa kabari da kayan mutane.

Cikin damina aka aiko mata ƙanwarta ta rasu a ƙetare, ƙasar Benin. Kafin ta hau babur ta bi gida gida ta mayar wa kowa kayansa. Na ƙarshe akwatin Mai Hoto. Ta tarar da shagon a rufe, ya tafi Bagudo sayen tawada. Ta buɗe, ta naɗe akwatin a tsumma, ta tura shi cikin durowa ta can ƙasa, ta kulle, ta zura makullin ta ƙarƙashin ƙofa. Mai babur na ta matsa mata. Ta ce a ranta ai zai gani. Makullin ya shige bayan wani kwali, durowar kuma bai cika buɗe ta ba.

Kwana shida bayan nan, da hantsi, kogi ya shigo gari. Mai Hoto ya kwashe matarsa da 'ya'yansa biyu, mace na tafiya, namiji na goye. Maƙwabcinsa Sambo ya tsayar da kwalekwale ya ce, "Kawo injin naka, akwai wuri."

"Sa shinkafarka," in ji shi. "Inji ƙarfe ne. Irin yana kan tudu."

Da azahar ya iso gidan tsohuwa. Ita ma saukarta ke nan, ko mayafi ba ta cire ba. Ya yi mata gaisuwar rasuwa, ya sha ruwa, har yana dariya.

"Shago ya tafi, Inna. Amma ba wanda zai rasa gonarsa bana. Miƙo mini ajiyata."

"Na mayar maka," ta ce. Da alfahari ta faɗa. "Tana durowarka ta ƙasa. Ni ban tafiya da kayan mutane."

Bai yi mata tsawa ba. Ya ajiye kofin a hankali, ya dube ta, ya nemi leda biyu da igiya. Ta ce ya bari ruwa ya janye. Ya ce in ruwa ya kai durowar, ba abin da za a jira.

Shagon ginin ƙasa ne, tun hantsi yake shan ruwa. Masunta sun ga shigarsa, ruwa a gwiwa a waje, bai riga ya hau daɓen ciki ba. Sun ga bangon gabas ya zauna.

Bayan kwana biyu aka tono shi. Akwatin na ɗaure a ƙirjinsa cikin leda, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Aka kai Bagudo aka buɗe, takardu duka suna nan. Har yau mutanen Kaoje na noma fadamunsu da su. Ba wanda ya san yadda aka yi akwatin ya koma shago, don su biyu kaɗai ke tsakar gida lokacin da ta yi maganar.

Ku an ce muku kwalekwale ne ya kife da ubanku. Ni na ce a faɗi haka. Kina ta motsa baki, Sa'adiyya, kina son ki ce ban faɗi sunan mutumin ba. Yaushe kika taɓa jin uwa ta kama sunan ɗanta na fari? Ɗauki memorinki, ku tashi ku kwanta.