Yatsan da Aka Binne

Malam Sallau, na ga sabuwar wayar taka, Allah ya sanya alheri. Ka ce ba ta buɗuwa sai ta ji yatsanka, ɓarawo ko ya ɗauke ta dutse ya ɗauka. Haka ne. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma tun da na binne uwar 'ya'yana nake kallon kowane kaya da tambaya ɗaya: in mai shi ya tafi, wa zai buɗe? Gyara zama in ba ka misali.

An yi wata mata mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mijinta manomin albasa ne. Shekarar da albasa ta yi daraja ya sayi waya irin taka, mai buɗuwa da yatsa. Ba abin da ya fi ɗauka da ita kamar 'yarsu ta fari, yarinya mai giɓi da yawan waƙa. Tana shara tana waƙa, tana wanke-wanke tana waƙa, shi kuwa yana biye da ita da waya yana dariya. Uwar, ka san kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta yabonta, in aka miƙo mata wayar ta gani sai ta kau da kai. Wata damina zazzaɓi ya ɗauke yarinyar. Uwar ba ta yi kuka a gaban mutane ba, aka yi ta yaba kawaicinta. Amma da la'asar, in mijin ya dawo daga fadama ya zauna a kan turmi ya kunna muryar yarinyar a waya, sai ta sassauta tuƙin tunkuza, ta ba shi baya, ta kasa kunne. Ba ta taɓa juyowa ba. Wannan ɗan sauraron shi ne rabonta daga 'yarta, kuma da shi take rayuwa.

Mijin ya gane. Wata rana ya ce ta kawo yatsanta ya saka mata, ai wayar tana karɓar yatsa fiye da ɗaya. Ta ce hannunta duk mai ne. Ya sake tayar da maganar, ta ce ita ba ta cikin matan da ke binciken wayar miji. A ranta tana so kamar me, sai dai tana jin in ta miƙa yatsan nan ta tona kanta, ta nuna tana begen 'yar fari.

"Rai fa ba a hannunmu yake ba," in ji shi.

"Kada ka yi mana mugun baki. Bari dai wata rana, in na gama aiki."

Wata rana da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a cikin albasarsa. Kafin azahar an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Wayar tana aljihun rigarsa da ke rataye a ƙusa. Ba wanda ya tuna da ita, kuma ko an tuna, wa zai ɗaga hannun mamaci ya ɗora a kan waya? Lambobin sirrin ma shi kaɗai ya san su.

Da ta fita takaba ta ɗaure wayar a gefen zane ta tafi kasuwar 'yan waya. Mai gyara ya ce yanzu an hana su taɓa kullen waya sai da shaida, saboda masu ƙwace. Ta koma ta zo da kwalin wayar da ƙanen mijin. Ya duba, ya gamsu. Sannan ya gaya mata gaskiya, cewa masu ƙera ta sun yi ta ne yadda in ba yatsa ba lamba, ba ta buɗuwa sai an goge duk abin da ke ciki.

"Inna, za ki samu waya kamar sabuwa, amma fanko."

"Ni ba waya na zo nema ba, ɗana," ta ce, ta karɓi abarta.

Ba ta zagi kowa ba. A kan waya aka soki ɗan maƙwabciyarta da wuƙa, ta san amfanin kulle, ta san amfanin dokar. Ta dai fahimci cewa ƙyaure bai san mai gida ba, bai san ɓarawo ba, mabuɗi kawai ya sani. Kuma an miƙo mata mabuɗin nan tun mai shi yana raye.

Har yanzu tana kai wayar caji. In ta taɓa ta, fuskar ta haska, sai hoton yarinyar ya bayyana, agogo ya ratsa goshinta, giɓin nan a waje. Yanzu tana kallo, har sunan take kira, ba kunyar kowa. Amma waƙar tana can ciki. Wani lokaci takan wanke hannu tas da sabulu ta ɗora yatsa, wayar ta ɗan girgiza, ta ƙi.

To, Malam Sallau, ban ce ka cire kulle ba. Na ce in ka isa gida ka kira iyalinka ka saka mata yatsanta, in ta ce hannunta da miya ka jira ta wanke, kada ka tashi. Hausawa sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.