Bidiyon Fursunonin Yaƙi

Kafin ta lalubo tabarau, kamfanin dandalin sada zumunta ya goge bidiyon da ta fara kallo a waya.

"Malam, ina ya shiga? Sojojinmu ne da aka kama. Na bakin bango kamar Auta!"

"Ni na kai ƙara aka goge shi," in ji mijinta da ƙarfi, yana fuskantar taga. "Farfagandar maƙiya ce. Sojanmu ba ya kuka yana roƙon a daina yaƙi."

Watanni ke nan ba labarin ɗan nasu.

"Kishin ƙasa ya fi maka ɗan cikinka? Ƙasar ce ta yi naƙudarsa?"

Ya rufe tagar. Sannan ya juyo ya matso kusa da ita.

"Shi ne," ya ce a hankali. "Yana da rai. Amma duk sojan da hukuma ta gane a irin wannan bidiyo, maci amana ne. Ko ya dawo, harbe shi za su yi. Ki yi addu'a mu kaɗai muka gane shi."

Sai ga maƙwabciya ta faɗo ba sallama, baki har kunne.

"Barka, Maman Auta! Allah ya sa na sauke bidiyon a wayata kafin su goge. Na tura wa kowa!"