Kaka da Muryar 'Yar Bushiya

Kaka ta raɓe a bayan labule, ta matse hancinta da yatsu biyu, ta ƙanƙance murya iya ƙarfinta. Shiru. Ta leƙa: kofin magani na nan kan kujera yadda ta ajiye shi, ko ɗigo bai ragu ba.

Jikarta ce ba lafiya, yarinyar da ake kira Tsinke saboda rama. Uwarta tana aiki a wani gari, ta bar ta hannun Kaka. Likita kuwa bai ɓoye komai ba: maganin nan kullum da yamma, in aka yi ta tsallakewa, sai gadon asibiti da allurai. Ga shi da ɗacin tsiya. Tun farko an yi lallashi, an yi tsawa, an yi alkawarin takalmi mai wuta, Tsinke ta datse haƙora.

Mutum ɗaya take jin maganarsa a duniya, shi ma ba mutum ba ne: 'Yar Bushiya, ta cikin katun ɗin talabijin, mai siririyar murya da dariya kamar shaƙuwa. A nan ne Kaka ta gano baiwar da Allah ya ɓoye mata har tsufa. Sai ta ajiye kofin kusa da gadon da ke gindin taga, ta ɓuya, ta matse hanci, ta ce wai ita ce 'Yar Bushiya, a daure a sha. Daga nan ta shige kicin ta kunna famfo, don kada yarinya ta ji kunya. In ta dawo, kofi fayau.

Shekara guda ana haka. Kan Kaka ya kumbura. Mai shago ya ji muryar, mai gyaran famfo ya ji, har likita bai tsira ba. Mu tsofaffi in muka iya abu ɗaya, kowa sai ya gaji da mu.

Wadda kawai ba ta taɓa yabawa da baki ba ita ce matar ɗakin da ke jikin nasu, Hajiya Shiru. Kaka ce ta raɗa mata sunan. Mace kullum wuya naɗe da mayafi ko ana zafi, kullum da kwalbar ruwan ɗumi a hannu, ka gaishe ta da safe ta ɗaga maka gira, mota ta zo ta ɗauke ta. Girman kai, in ji Kaka. Wata rana ta tare ta a matakala, ta yi mata muryar tun daga farko har dariyar, ta ce ko mai abin ba ta fi ta ba. Har ta nuna mata inda ake matse hancin, ko za ta koyi buɗe baki. Matar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ta wuce. Hassada, in ji Kaka.

Sai ga rediyo da labari: mai yin muryar 'Yar Bushiya ta rasu. Ba wanda ya san fuskarta, wai ta hana a nuna, don kada ta ɓata wa yara. Kaka ta yi kuka na gaskiya, har da cewa abokiyar sana'a ta tafi.

Daga wannan makon magani ya tsaya.

Kaka ta ɗora wa rediyo laifi. Ta ƙara ƙaimi. Ta yi muryar a tsaye, ta yi a tsugune, ta yi daga cikin bokiti. Tsinke dai ta juya mata baya, ta zuba wa taga ido. Zazzaɓi ya fara leƙowa, idanun yarinyar suka zurma. Ko wanda zai riƙe mata yarinya ta ruga kantin magani babu, don Hajiya Shiru ta kulle ɗakinta ta yi gaba ba sallama, halin nata ke nan. Kaka ta haɗa jakar asibiti ta ajiye bakin ƙofa.

Yau ce ta ƙarshe, in ba a sha ba sai asibiti. Talabijin na kunne, ana shirin tunawa da marigayiyar. Kaka ta sake matse hanci, muryar ta fito kamar ta tsohuwar akuya mai mura, tari ya sarƙe ta, ta zame ta zauna a ƙasa hawaye na zuba.

Tsinke ta juyo ta daɗe tana dubanta.

"Kaka, bari haka nan. Hancinki ya yi ja."

Ta ɗauki kofin ta shanye, ta yamutsa fuska.

"Dama 'Yar Bushiya ta ce in ta yi tafiya in riƙa sha saboda ke. Wai kina ƙoƙari, kuma kada in taɓa yi miki dariya."

Kaka ta taɓa goshinta, ta ɗauka zazzaɓi ne ke magana. Ta rungume ta tana hamdala, har ta fara raya wa ranta cewa dai baiwar ce ta dawo.

A talabijin aka ce iyalan marigayiyar sun yarda yau a nuna fuskarta, karo na farko. Tsinke ta ɗaga hannu tana yi wa hoton gaisuwa, ta ce ai ita ce mai zuwa taga ta yi mata muryar in Kaka ta kunna famfo. Kaka ta gyara tabarau, ta matsa kusa: wuya naɗe da mayafi, gira ɗage, Hajiya Shiru ce, wadda ta tare a matakala tana koya mata inda ake matse hanci.