Keken Munzali a Ƙarƙashin Tamfal

"Ku matso ku ga yadda ake adana keke!" Munzali ya kira maƙwabta, baki har kunne.

Tun farkon damina ya lulluɓe sabon kekensa da tamfal ɗin da ya sayo a Birnin Kudu, ya ɗaure tamau a tsakar gida. Wata huɗu yana zuwa kasuwar Gwaram a ƙafa, wai kada taya ta ga taɓo.

Ya yi bismillah, ya yaye tamfal. Itacen girki ne jibge, ya bushe ƙamas.

"Zuwaira! Ina kekena?"

Matarsa ta leƙo daga madafi. "Yana bayan rumbu, Malam, har kabewa ta hau shi. Tuwon da ka yi ta santi duk damina, da jiƙaƙƙen itace ka zaci na tuƙa?"