Matsalar Ƙarƙashin Farfela

Layin ya sake komawa ja a allon kwamfuta, karo na tara. Duk sanda ma'aikaciyar shagon ta tsara wa injin sassaƙa ƙarfe hanyar da bakinsa zai bi, sai ya karkace a ƙarƙashin farfelar, ga shi gobe mai kayan zai zo Gyadi-Gyadi ya karɓa.

Wani injiniya ne a Tarauni ya turo zanen, mutumin da shekara biyu bai taɓa wuce gaisuwa da ita ba.

"Zanen lafiyarsa ƙalau," in ji shi a waya. "Ki dai duba sosai."

Ta ƙara girman wurin har sau ɗari. Ashe ƙananan haruffa ne ya binne a jikin ƙarfen, su suka rikita manhajar: *In turo magabatana?*

Dariya ta ƙwace mata har kujera ta kusa kifewa.

"An gano matsalar?" in ji mai shagon.

"An gano, Alhaji!"

Ta kira injiniyan a waya. "Kwana biyu ka hana ni aiki saboda kalma uku? Goge su, ka sake turo zanen."

Sai ta ƙara da cewa:

"Magabatan kuma ka turo su ranar Asabar."